Ajiyar Inna

Litinin, 3 ga Maris

Shekara ashirin da shida ina ɗinki, ban taɓa rubuta awon kowa ba. Mace ta tsaya gabana sau ɗaya, tef ya zagaye ta, shi ke nan ta zauna a kaina. Da wannan nake cika baki. Yau na shimfiɗa yadin wata nas, almakashi a hannu, na nemi awon ƙugunta na rasa. Wayam. Na kira ta na ce tef ɗina ne ya saki, ta daure ta dawo. Ƙarya da furfura, Allah na tuba.

Alhamis, 6 ga Maris

Almakashi a cikin firji. Kuma ni na sa shi.

Asabar, 15 ga Maris

Abin da ban faɗa wa kowa ba: da haka Inna ta fara. Makulli, tukunya a kan wuta, daga baya sunayenmu. Yanzu a kujerar bakin tagar shago take wuni, ni da ta haifa tana ce mini "mai ɗinki", tana yi mini godiya kamar baƙuwa. In na dube ta, kaina nake gani. Tsoro nake ji, ba kaɗan ba.

Ga wata biyar ban ga al'ada ba. Ga zafin da ke taso mini daga ƙirji ya haye fuska, sai ka ce an buɗe tukunya. Nas ɗin ta zo awo, ta ce duk tafiyarsu ɗaya har mantuwar, shekaru ne, in dai je asibiti a duba. Na ce to. Ita me ta sani, talatin ma ba ta cika ba.

Talata, 18 ga Maris



Da hantsi zafin ya taso ina kan keke, zufa har tana ɗiga a yadin mutane. Sai na ji tafin hannu a ƙeyata.

"Auta, ya zo miki ke nan."

Shekara uku rabon da in ji sunan nan a bakin Inna. Ta ja ni wurin famfo, ta tara wuyan hannuwana a ruwa, tana ba ni labari tiryan-tiryan. Wai nata ya zo ne shekarar da na shiga sakandare. Gishiri sau biyu a miya. Ta taɓa isa kasuwa ta manta abin da ya kai ta, ta zauna ta yi kuka. Babanmu ya ce neman rigima ne. Mahaifiyarta ce ta nuna mata ruwan nan. Na tambaye ta ko ya wuce.

"Ya wuce mana. Bayansa ma na san daɗin kaina."

Na lissafa. Shekara talatin tsakanin wancan da ciwon da take ciki yanzu. Ashe ba hanya ɗaya ba ce.

Ikon Allah. Matar da ba ta san ko ta karya kumallo ba. A ina ta ɓoye wannan duk shekarun nan? Kamar an ba ta ajiya, ta riƙe har mai ita ta zo. Zafin ya sauka, ni kuwa na kasa rufe famfon.

Laraba, 19 ga Maris

Na koma "mai ɗinki". Ta tambaye ni ko ina da 'ya'ya.

Lahadi, 30 ga Maris

Ranar Alhamis na je asibiti. Maganar nas ɗin ce. Ba zan faɗa mata ba, kar kanta ya fashe.

Yau na kira 'yata a waya, na zayyana mata komai: zafin, mantuwar, ruwa a wuyan hannu, da cewa yana wucewa. Ta yi ta dariya, wai shekarunta ashirin da uku, saurin me nake yi. Na sa ta maimaita mini sau biyu.

Ba wai ina tsoron komai ba ne. Kawai dai Inna ta samu minti goma cikin hayyacinta, kuma ina kusa. Ni ban san ko za a ba ni ba.