Akwatin da Ya Riga Mama Kallo

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan duk kalau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Kawu ma ya warke, ya koma shagonsa da surutunsa.

Yaya, ƙaramin akwatin talabijin ɗin da kika aiko ya iso, na haɗa shi da intanet. Abu kamar tafin hannu, amma cike yake da manhajoji: labarai, wasanni, karatu, har da na yara. Ba shi da aibi ko kaɗan. Aibin nawa ne, kuma shi ya sa na kasa yi miki bayani a waya.

Kin san wasan kwaikwayon nan da ake sakawa sau ɗaya a mako, wanda maƙwabciyarmu mai ɗinki take shigowa su kalla da Mama. Tun rasuwar Baba ita kaɗai ce ba ta fasa zuwa ba. Su kalla, sannan su kwashe mako suna gardama ta saman katanga kan abin da zai faru gaba. To ni da rawar kaina, ina son a ce na iya, sai na nuna wa Mama cewa duk shirin yana cikin akwatin har ƙarshensa. Ta ce a bari a jira maƙwabciya. Na ce ta leƙa kashi ɗaya kawai, wa zai sani? Akwatin kuwa da ɗaya ya ƙare sai ya jawo na gaba da kansa. Kafin a ankara Mama ta cinye shirin tas.

Da maƙwabciya ta zo, Mama ba ta gaya mata ta riga ta kalla ba, amma kin san fuskarta ba ta iya ɓoye abu. Ta riga kowa dariya, ta rufe ido tun kafin mota ta kife a cikin shirin. Baiwar Allah ta dube ta, ta gane. Ta naɗe ɗinkinta, ta ce tunda an gama ba tare da ita ba, babu amfanin ta riƙa takura wa mutane. Tun ranar ba ta sake shigowa ba. Na je na ba ta haƙuri, na ce ni na jawo, ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke da komai a ciki.

Wallahi Yaya kunya ta ishe ni. Jiya Mama ta miƙo min rimot, ta tambaye ni, tunda akwatin ya iya komai, ko akwai inda ake dannawa mutum ya koma bai gani ba. Na ce babu. Sai ta ce to in kashe shi.

Don Allah ki kira maƙwabciya da kanki, tana jin maganarki fiye da tawa. Ki gaida maigidanki, da babban ɗanki, da 'yar autarki mai ƙiriniya. Mama tana gaishe ki, ta ce in gaya miki akwatin yana aiki lafiya.

Ƙaninki mai neman afuwa.