Kwabo Biyu a Sama

Broken Hill, Ostireliya
6 ga Fabrairu, 2011

Maman Hope,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ku da Hope, da mutanen Maitumbi? Kin ce a waya ba na iya komai sai "lafiya, lafiya", to ga takarda.

Cikin ƙullin nan akwai wani hatsi da ake kira kinwa. Likitan kamfaninmu na haƙar ma'adinai ya ce jinina ya ɗan hau, in rage mai da gishiri, shi ne matar abokin aikina, Hannah, ta koya mini shi. A dafa, a bari ya huce, a yanka kokwamba da tumatir da albasa, a matse lemun tsami. Da sanyinsa ake ci. Ranar da na fara sa shi a baki na runtse ido, sai na gan ki a bakin murhu kina tuƙa acha, hayaƙi yana sa ki hawaye.

Garin nan jar ƙasa ce iya ganinki. In na fito daga aiki da yamma nakan tsaya in kalli layin dogo, in riƙa ji kamar in na bi shi a ƙafa zan ɓulla a tashar Minna.

Kwantiragina zai ƙare a watan Yuni. Sun ce in ina so su ƙara mini shekara huɗu. Ban ba su amsa ba tukuna.

Mijinki,
Zamani

*

Maitumbi, Minna
4 ga Maris, 2011

Baban Hope,

Muna gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya, sai zafi, mangwaro ya fara nuna.

Hatsinka ya iso. Na zuba a ƙwarya na rege shi har sau uku, ko tsakuwa ɗaya ban samu ba, har na ji tausayin mutanen da hatsinsu bai san ƙasa ba. Da ya dahu sai kowace ƙwaya ta fito da ɗan zobe, Hope ta ce aure suka yi. Na bi yadda ka ce, na ɗanɗana, na ce ashe kwaɗo ne aka manta da ƙuli-ƙuli. Na daka ƙuli, na zuba zogale, sai ga shi ya zama abinci. Ka gaya wa Hannah ta gode Allah ba na kusa.

Maganar shekara huɗu kuma ka ajiye ta can ƙarshen takarda kamar saƙon gishiri. Shekara biyu ka ce mini a filin jirgi, yau biyar ke nan. Hope tana da shekara bakwai, kuma in ta zana gidanmu a makaranta, kai a jikin bango take zana ka, cikin firam ɗin hoto. Ba na ce ka bar abincinka ba ne. Amma na gaji, Baban Hope, kuma ina kewarka. Gara in faɗa da bakina.

Taka,
Magdalina

*

Broken Hill
26 ga Afrilu, 2011

Maman Hope,

Ina gaisuwa. Albishirinki!

Jiya ranar tunawa da sojojinsu ce da suka mutu a yaƙi, kuma a ranar suna yin wani wasa da sojojin suka riƙa yi a fagen fama. Jama'a su yi da'ira, mutum ɗaya ya shiga tsakiya da ɗan katako kamar faɗin yatsu biyu, a ɗora masa tsofaffin kwabbai biyu. Fuska ɗaya kan sarki ne, bayan kuma an yi masa farin gicciye. Ya wulla su sama, dole su wuce kansa suna juyi. In duka biyu suka nuna sarki ya ci, in duka bayan ne ya faɗi, in suka saɓa sai a sake. Mutane suna ta ɗaga kuɗi suna ihu. Kafin ki ce komai, na sani caca ce, kuma ko sisi ban sa ba.

Tsofaffi da lambobin yabo a ƙirji suka tura ni tsakiya. Na ce a raina, in sarki ne in koma gida, in gicciye ne in zauna. Na wulla. Da kin ga yadda suka tashi cikin hasken rana, a hankali, wurin ya yi tsit kamar coci lokacin addu'a. Sarki biyu suka fito! Na riga na gaya wa kamfani. Ki shirya, ina tafe.

Mijinki,
Zamani

*

Maitumbi
20 ga Mayu, 2011

Baban Hope,

Muna gaisuwa. Damina ta sauka, an shuka gyaɗa a bayan gida.

Na karanta takardarka a tsaye, na yi guɗa har maƙwabciyarmu Murja ta leƙo ta katanga. Na sake karantawa a zaune, sai murnar ta koma ciki.

Tun ranar mafarki ɗaya nake yi. Ina tsaye a tsakar gida, kwabbai biyu suna juyi a saman dutsen Bosso, sun ƙi saukowa. Ina ɗaga kai har wuyana ya ƙage, mutane suna wucewa kasuwa ba wanda ya damu, ni kaɗai nake jira in ga abin da za a yi da ni.

Shekara biyar ina jira, ashe ni da Hope a kan ɗan katako aka ɗora mu. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Ban gaya wa yarinyar komai ba tukuna. Kafin ka hau jirgi ka amsa mini abu ɗaya: da gicciye ne ya fito, me za ka rubuto mini? In kwabo ne ya aiko ka, yi zamanka, don gobe wani kwabon zai iya kiran ka.

Magdalina

*

Broken Hill
12 ga Yuni, 2011

Magdalina,

Ina gaishe ki, ki yi haƙuri.

Gicciye ne ya fito. Na roƙi tsofaffin su bar ni in sake, suka yi dariya suka bar ni, gicciye ya sake fitowa. Na ajiye katakon na tafi gida na rubuta takardar barin aiki.

Ƙarya na yi miki saboda kunya. Ya fi mini sauƙi in ce kwabo ne da in ce ba na iya ƙara kwana huɗu ban gan ki ba, balle shekara huɗu.

Zan sauka Abuja ran tara ga Yuli. Ki gaya wa Hope.

Naki,
Zamani