Inna a Layina

Dutsin-Ma, Satumba

Zuwa ga Gwaggona Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ƙafar taki, ya Alhaji da mutanen Maraɗi? Kada ki yi mamakin ganin takarda. An kashe mana sabis saboda 'yan bindiga, waya ta koma fitila, shi ya sa na ba direba ya kawo miki.

Kin tuna ƙaramin kwas ɗin da na ƙara a kan karatuna na jami'a, na tafiyar da ayyukan taimakon jama'a, wanda kika raɗa wa suna digirin rabon gero? To ki yi dariyarki, rabon geron ya zo. Malam Badaruddeen da ke koyar da mu yana kai mu Kurfi duk mako aikin gwaji, a wata firamare da aka sauke mutanen ƙauyukan da aka tasa. Mu biyu ne mata, ni da ƙawata Bilkisu, sai aka raba mana matan. Kowace za ta zauna a gabanki, ki kira sunanta, ki dubi idonta, ki tambayi damuwarta. Mai ciwo a tura ta asibiti.

Gwaggo, mutanen rugarmu na cikinsu. Inna ta fito da ranta, shanun ne ba su fito ba. Ɗago kai kawai na yi na gan ta a layina.

Ke kika goya ni, kin fi kowa sanin zamanmu. Ni ce 'yar fari, tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. Waccan take ce mini, kuma in na shiga ɗaki sai ta tuna tana da aiki a waje. Ta zauna a bakin tabarma ta ba ni gefe, ta ja mayafi. Ni da ake cewa na fi kowa baki a aji, sai ga ni ina lalubar magana. Da ƙyar na tambayi lafiyarta. Ta shaida wa bango cewa lafiya lau, ta tashi.

Ba lafiya lau ba ce. Da hagu ta karɓi kwanon hatsi, Innar da ke make yaro in ya miƙo hagu. Hannun dama yana manne a ƙirjinta, ta kuma rame. Tsoro nake ji, Gwaggo. In ba ta faɗi abin da ke damunta ba, ban san yadda zan kai ta ga likita ba.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe da Alhaji.

Taki,
Raudatu

Dutsin-Ma, Nuwamba

Gwaggona,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Man shanun ya iso, Allah ya saka da alheri. Na jima ban rubuto ba don babu abin daɗin faɗa.

Bayan waccan takardar Inna ta ci gaba da zuwa, kullum a layina, kullum lafiya lau. Na kasa, na gaya wa Malam gaskiya. Ya ce ai dokar aikin ma ta hana mutum ya duba nasa, don kunya da tausayi suna rufe ido. Ya mayar da ni wani aji, ya bar wa Bilkisu layina. Wallahi har daɗi na ji, na ce yanzu Inna za ta saki baki.

Ta zo, ta leƙa, ta ga Bilkisu a kan tabarmata, ta juya. Ba ta sake dawowa ba.

Makonni muka yi muna cigiya a cikin makarantar. Ashe ba ma a nan take kwana ba. Tana can ƙarshen gari a gidan wani ɗan'uwan mahaifina, marigayi Baffa, ci da sha ba ta rasa ba. Hatsin da take karɓa ma rabar da shi take a bakin ƙofa. Da wannan jikin take ratso Kurfi a ƙafa, ta bi layi cikin rana, don ta zauna a gefen tabarmata. Da na ji haka na zagaya bayan aji na yi kuka har Bilkisu ta tsorata.

Na koma wa Malam da zafina. Bawan Allah bai yi musu ba, ya ce wanda ya rubuta dokar nan bai san kunyar ɗan fari ba, mu yi yadda muka ga zai yiwu. Sai muka tafi gidan. Bilkisu ta shiga ɗaki, ni na zauna a bakin ƙofa na ba su baya, na jawo faifan wake ina tsinta kamar ba ruwana. Can Inna ta ɗaga murya yadda zan ji, ta ce wa Bilkisu ta gaya wa Waccan akwai ƙari a mamanta na dama tun bara, yanzu ya fashe. Ta ce duk zuwan nan da take yi, da niyyar faɗa take fitowa, in ta zauna sai harshe ya ƙi. Ga wata kuwa ba za ta iya buɗe jikinta ba sai tata na kusa.

Na ci gaba da tsintar wake, ba na ma ganinsa.

Gobe in Allah ya kai mu za mu wuce asibiti Katsina. Ki yi mana addu'a, Gwaggo, ki ƙara.

'Yarki,
Raudatu

Kurfi, Janairu

Gwaggona,

Ina gaishe ki, ya ƙarin haƙurinmu? Na san saƙon rasuwar ya same ki. Kada ki damu da rashin zuwa, kowa ya san halin ƙafarki. Abin da ba a faɗa a waya nake so ki ji.

Likita ya ce an makara, ciwon ya riga ya bazu. Na tambaye shi ko da mun zo tun Satumba fa, ya ce Allah kaɗai ya sani. Wannan amsar ita ke cina har yau.

Ni na yi jinyarta. Da farko in na ɗauko ruwan ɗumi sai ta ƙanƙame mayafi. Daga baya ta koma rufe ido ta juya fuska bango, ta bar ni in wanke ciwon in ɗaure. Iyakar abin da ta iya ba ni ke nan, kuma na karɓa. Ban taɓa taɓa jikin Inna ba sai a gadon nan. Ranar da Bilkisu ta zo dubiya, ina tsaye a kanta, ta ce mata Waccan tana da sanyin hannu, a bar ta ta gama karatun nata. Na so ko sau ɗaya ta kama sunana. Ba ta kama ba, har ta cika ranar Laraba da hantsi.

Na dawo Kurfi in ƙarasa aikin gwajin, tunda ita ta ce. Matan suna zama, ina kiran sunansu, ina duban idonsu yadda aka koya mini. Amma duk ɗago kan da zan yi sai na duba ƙarshen layi. Kowa a nan Raudatu yake ce mini, Gwaggo, har da masu ƙara Malama. Mai ce mini Waccan ce babu.

Allah ya jiƙanta, ya ba ki lafiya. In an yi hutu zan zo in kwana a ɗakinki.

'Yarki,
Raudatu