Kyamarar Yaya Casimir

Chicago, Satumba 1945

Yaya Casimir,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mama na gaishe ka. Tun da aka ce yaƙi ya ƙare take goge ɗakinka kamar za a kawo amarya.

Ni kuwa barci ya ƙaurace mini. Ka san da aka kwashe ku soja, mata aka bar wa tashar talabijin, ni aka ba kyamararka. Ranar farko na rantse ba zan koma ba. Zafin fitilu kamar gidan burodi, in na leƙa madubin kyamarar sai in ga mai karanta labarai kai ƙasa ƙafa sama, in juya dama ya gudu hagu. Yanzu kuwa ko mai rawa ba ta kufce mini.

Jiya manaja, Mista Dunleavy, ya tara mu ya ce duk sojan da ya dawo, doka ta ba shi aikinsa. Har an sallami Bernice mai kula da sauti. Yaya, da kunya amma zan faɗa: ina addu'ar ka dawo, ina kuma tsoron ranar. Don Allah ka bar mini ita. Kai namiji ne, ko'ina ka je za a ɗauke ka.

Ƙanwarka,
Lottie

Manila, Oktoba 1945

Lottie sarkin rigima,

Na samu saƙonki, a gaishe mini da Mama. Wato an ba ki aro kin mayar da shi gado? Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Duk lokacin da ake mana ruwan wuta, kyamarar nan nake tunawa don kada hankalina ya gushe.

Amma tun kina rarrafe ban taɓa jin kin roƙi kowa komai ba, sai dai ki ƙwace. In har kin iya cewa don Allah, to abin ya kai miki. Ga takarda nan na haɗa, na rubuta cewa na haƙura da aikin. Ki kai wa Dunleavy da hannunki. Kada ki gaya wa Mama tukuna, kin san halinta.

Abin da zan yi in na dawo, ban sani ba. Jirginmu zai tashi ƙarshen wata.

Yayanki,
Casimir

Chicago, Nuwamba 1945

Yaya,

Ina gaisuwa. Na kai takardar. Dunleavy ya karanta, ya ce kai mutumin kirki ne. Sai ya ce tunda gurbi ya samu, ya ba wani sojan ruwa da ya dawo makon jiya, mai mata da 'ya'ya biyu. Bai taɓa ganin kyamara ba. Ni zan koya masa kafin a sallame ni ranar Juma'a.

Na roƙa a ba ni takardarka in yaga. Ya ce ta riga ta wuce sama, wurin manya.

Ban san da wane ido zan tarbe ka a tashar jirgin ƙasa ba, amma zan zo. Ka yafe mini.

Lottie