Muryar da ta ɗauki wayata

Zuwa ga babbar ɗiyata a Maraɗi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ƙannenki lafiya lau. Kakarki ƙafa ce dai, kamar kullum. Babanku ba ya lafiya, amma wannan kin riga kin sani.

Da hannuna nake rubutu, da ɗan abin da na koya a karatun manya, don ba maganar da zan faɗa wa wani ya rubuta mini ba ce.

Da kika ce kina aikin sa kai bayan kin taso karatu daga lakwal, na ɗauka hatsi kuke rabawa. Ban tambaya ba. Ke ce ta fari, ko sunanki ba na kira, balle mu zauna hira.

Bana gero ya bushe tun bai yi kai ba. Sojoji sun karɓi mulki, iyaka ta rufe, ci-rani ya gagara. Babanku ya daina magana. Ya ba maƙwabci hauyarsa, ya shiga bin gidajen garinmu Maijirgi yana neman gafara, alhali bai yi faɗa da kowa ba. Na ɓoye muku.

A rediyo na ji lambar da ake kira kyauta in zuciya ta yi nauyi, ba a tambayar suna. Ranar Talata da hantsi na laɓe bayan rumbu na kira. Wata mace ta ce, "Ina jin ki, Madam." Na zazzage mata abin da ban taɓa faɗa wa ɗan'adam ba. Har na ce ni ma na gaji da duniya.

Da na ce bisashenmu sun mutu, sai ta ce, "Har Duna?"

Ban faɗi sunan sanmu na amalanke ba. Na zauna a ƙasa. Ke ce kika raɗa masa sunan nan yana maraƙi.

Sannan kika ci gaba da ce mini Madam. Kika ce kada a bar babanku shi kaɗai, a kai shi likita. Yanzu kawunki na kwana ɗakinsa. Amma asibitin garin Tasawa, babanku ya ce ba ya zuwa.

Har yau ina tuna abin da kunnenki ya ji daga bakina. Ashe irin kayan da kike ɗauka kenan kullum, ba ki taɓa cewa komai ba? Wa ke jin ki ke?

Na san dokar aikinku ta hana ki nuna kin gane mai kira. To, ba Madam ce ke rubutu ba. Maganarki kaɗai babanku yake ji. Ki ba ni amsa kafin Lahadi, ranar da mota ke zuwa Tasawa: za ki zo ki kai shi?

Allah ya ba shi lafiya, ya sauƙaƙa miki nauyin da na ɗora miki.

Ki zo, Zainabu. Ga shi na kira sunanki.

Innarki