Ciyawar Nasara

Daga Ilu a birnin Kano zuwa ga Baffa Hussaini a Gagarawa. Gaisuwa da ladabi da fatan alheri. Ina gaida Inna Kyauta da matata Murja. Yaya kuke fama da wannan fari?

Bayan haka, Baffa, na samu aiki, kada a damu. Wani tsohon gidan sarauta ne a tsakiyar birni, wani Nasara ya tara takubba da garkuwoyin mutanen da a ciki, baƙinsa suna zuwa kallo. Ni ke ban ruwa a lambun gidan.

Da na zo na tarar da ciyawa ta cinye filin. Na ga ƙasa mai kyau, ga rijiya, ga mutane suna faɗuwa da yunwa a bayan katanga, sai na nome shi tas na shuka wake. Ashe ciyawar ita ce shukar, daga ƙasarsu aka kawo irin. An tumɓuke waken a gabana. Bayana ya warke daga bulalar da aka yi mini, ina iya kwanciya yanzu, alhamdu lillahi.

Ga ɗan gero nan ta hannun fataken Maigatari, a dama wa yara. Wani mutumin Gumel ya ba ni labarin kowa a gida, amma bai ambaci 'yata Larai ba. Baffa, don Allah a gaya mini gaskiya.

Idan tana nan, ta tambayi abin da nake nomawa a Kano, a ce mata gero ne.

Allah ya kawo mana ruwa. Wassalam.