Akwatin Aziza da ke cocin bakin kasuwa

Da sunan Allah. Ni Maimun ɗan Abdulkafi, mai zanen akwatunan hauren giwa a birnin Balarm na Sikiliya, na rubuta wannan da hannuna. Ƙafafuna sun ƙi ni, amma hankalina garau yake. Kada wani ya ce tsoho ya rikice, musamman kai Hammud, don na san ka.

Na ɗaya. Shago da haure biyu da suka rage naka ne, Hammud, kai ne babba. Alƙaluman zane da ruwan zinariya na ba ƙanwarka Tahira tun ina raye, ba gado ba ne. Kada ka ɓata rai. Ɗawisun da take zanawa kamar zai tashi, naka kuwa kullum kaza yake fitowa, kuma ka sani.

Na biyu. Normawan nan, Kiristocin da ke mulkin ƙasar, da suke zuwa da aiki, ku karɓe su da fuska sake. Ba sa karanta rubutunmu, amma sun nace sai an zagaye murfin da shi. Ku rubuta abin da na saba: albarka da lafiya ga mai shi. Ban taɓa ɓoye zagi a cikin rubutu ba, ko ga wanda ya wulaƙanta ni. Kada ku fara.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Hammud, Tahira ta gaya mini ka rantse cewa da zarar an binne ni za ka shiga ƙaramin cocin bakin kasuwa ka ƙwato akwatin mahaifiyarku Aziza, ko da wuƙa ne. Haba! Kafin ka kai ƙofa sojoji sun tsire ka, sannan su bi unguwarmu gida gida. Kana cewa sace shi aka yi. Ba wanda ya sace shi, kuma laifin jahilcinka nawa ne.

Ni na zana wa Aziza shi lokacin aurenmu, barewa biyu da shaho a gefe. Da ta haife ka zazzaɓi ya kwantar da ita, nono ya ɗauke. Kwana uku kana tsala ihu har muryarka ta dushe. Maƙwabciyarmu Mabiliya, Banormiya matar magini, tana goyon ɗanta Rainaldu. Ta shigo ba sallama, da mayafi da lalle irin na matanmu, ta kira ni wawa don na tsaya kallo, ta ɗauke ka. Wata bakwai tana shayar da ku tare. Da Aziza ta warke, ita da kanta ta kai mata akwatin, bayan ta sa na rubuta sunaye biyu a cikin murfin.

Daga baya aka yi tarzoma tsakaninmu da Normawa, aka kashe ƙanena, muka koma wannan unguwa. Zuciyata ta ƙeƙashe, na hana uwarku faɗa maka. Ta mutu da maganar a bakinta. Wallahi ina jin kunyar wannan fiye da duk abin da na aikata.

Mabiliya ta bar wa ɗanta akwatin. Limamin cocin nan da kake tofar da yawu in ya wuce, shi ne Rainaldu, ɗan'uwanka na nono. Sau biyu yana tare ni a kasuwa yana roƙo in karanta masa abin da ke cikin murfin, don yana jin Larabci amma bai iya karatunsa ba. Sau biyu na ce idona ya yi rauni. Ƙarya nake yi.

Na huɗu. Tahira, ki riƙe takardar nan, kada Hammud ya yaga ta cikin fushi. Ki bar shi ya yi faɗansa, sannan ki ba shi abinci, ya fi jin magana in ya ƙoshi.

Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri, ya haɗa kanku. Ku biyu ne a lissafinku, ni kuwa uku na bari. Hammud, ka je cocin, ban hana ka ba. Ka bar wuƙar a gida, ka ce wa Rainaldu ya buɗe murfin, ka karanta masa abin da na ƙi karantawa. Sunansa ne da naka.